Almu Sirbeyan da Yaran da Ya Kora

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata kolej a Dakoro, kuma yawancin shekarun nan fuskar da nake fara gani da safe ita ce ta Almu. Shi ne sirbeyan ɗinmu, wato mai kula da shiga da fita da ɗa'ar 'yan lekol, kamar yadda muke kiran makaranta. Gajere ne mai ɗan tumbi, rigarsa kullum mai aljihu biyu a ƙirji, kowane aljihu da bik uku na rubutu, ga usur rataye a wuya, ga guntun tiyo a hannu. Ban taɓa ganin ya ƙarar da tawadar bik ko ɗaya ba.

A Bader Goula aka haife shi. Ubansa manomin gero ne wanda hatsinsa ba ya kai shi damina, da rani kuma yana kiwon awakin mutane. Almu ya shiga lekol ne don a wancan zamani in aka ce mai gari ya kawo yara, 'ya'yan marasa bakin magana ake fara rubutawa. Ya yi ƙoƙari, wannan ba zan hana masa ba. Ya ci jarrabawa aka turo shi Dakoro, inda bai san kowa ba, sai wani ɗan kasuwar hatsi, Elhaji Kalla, ya ba shi wurin kwana a zaure da tuwon gidansa. Takalminsa na fari wani malami ne ya saya masa, don ya gaji da ganin fason ƙafarsa. Wani abokin karatunsa ne ya ba ni wannan labari. Almu da bakinsa bai taɓa bayarwa ba. In ka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Nan yankin ne," ya kawo wata magana.

Ya samu takardar burbe, ta kammala kolej, a karo na uku. Aka ba shi koyarwa a wani ƙauye bayan Adjekoria, ya yi shekara huɗu, ya bar aji guda da ba mai iya rubuta sunansa. Elhaji Kalla ya yi masa magana a inda ake jin maganarsa, aka dawo da shi gari aka ba shi ƙofar kolej. Nan ne Almu ya samu abin da ya daɗe yana nema: wurin da zai tsaya, wani ya roƙe shi.

Na taɓa ganin mahaifiyarsa sau ɗaya. Ta zo ranar kasuwa da ƙullin garin kuka da ɗan man shanu a kwalba, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar yara ina Almu. Ya fito da sauri, ya ja ta bayan katanga, ya karɓi ƙullin, ya sallame ta kafin ta sha ruwa. Da ya dawo ya ga ina kallonsa, sai ya ce, "Wata tsohuwa ce daga wajenmu, ka san su da naci."

Ƙarfe takwas yake hura usur ya rufe ƙofa. To amma ƙofar Almu tana da ido. In ɗan wani babban ɗan kasuwa ya iso takwas da rabi a kan babur, tun kafin ya kashe inji an buɗe masa, Almu na murmushi yana tambaya, "Elhaji ya tashi lafiya? A gaishe shi in an koma." In yaron ƙauye ne da ke zaune gidan wani, wanda sai ya ɗebo ruwa ya ba dabbobi kafin ya taho, tiyo ne zai fara gaishe shi. Daga nan shara, ko ban ruwan itatuwan da Almu ya dasa a bayan ofishinsa. Yana da dokoki da ba a rubuta ko'ina ba, kuma suna canzawa gwargwadon yadda ya tashi. Yau takalmin roba haramun ne. Gobe rigar da ta koɗe. Jibi takardar haihuwa da hatiminta bai fito sosai ba.

Kalmar da ya fi so a duk Faransanci ita ce "ranboye", wato an kore ka. Yakan faɗe ta da ƙarfi, ya ja ƙarshenta, ya nuna hanya da tiyo. Yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi. Uban yaron, in ma ya zo, zai cire hula a gaban Almu ya yi ta ba da haƙuri, don a saninsa abin da mai usur ya faɗa shi ne gwamnati ta faɗa. Diraktanmu, Mushe Abdurrazak (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), mutum ne mai son zaman lafiya da fankar ofishinsa. Muddin ihu bai iso tagarsa ba, lekol na tafiya daidai. Mu malamai kuwa, aji mai yara casa'in in ya ragu da biyu ko uku, ba wanda ke fita nemansu. Haka muka zauna shekara da shekaru.

Hamdiya ta zo mana a shekarar 2021, daga wani ƙauyen Mai Yara. Shekararta goma sha uku, ƙafarta ta hagu shan inna ya shanye ta tun tana goye, tana dogara sanda mai tokare hammata wadda wani kafinta ya sassaƙa mata. Ita ta zo ta ɗaya a makarantar ƙauyensu. Ubanta Sallau ya kawo ta a amalanke ya damƙa ta ga yayarsa Dela, mai soya ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a can ƙarshen gari, wajen kasuwar dabbobi. Wanda ya san yashin Dakoro ya san abin da sanda ke yi a cikinsa. Kowane taku sai ta nutse, sai an zaro ta. Yarinyar kan fito da sassafe, amma sau biyu ko uku a mako usur ke riga ta.

A ajina take, kuma ba ni da kamarta a lissafi. Takan gama aiki ta kife kaye, littafin rubutunta, ta zauna shiru, ba ta ɗaga hannu sai na kira ta. Ranar da ta makara, daga tagar aji nakan hango ta tsaye a wajen ƙofa, jingine da katanga, har a fito shan iska. Almu ba ya dukanta. Yana ganin wannan ma alheri ne da ya kamata a gode masa.

Wata Talata a watan Janairu ta iso takwas da minti goma. Ya buɗe ƙofa kaɗan, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke, nan lekol ce, ba gidan likita ba. Kullum ke ce. Ranboye! Ki koma garinku a samo miki abin da za ki iya."

Washegari Dela ta rako ta. Mace ce doguwa mai kaurin hannu, ba ta saba roƙo ba, amma ta durƙusa a gabansa.

"Mushe, ka yi wa Allah. Ƙahwa ce. Ba wasa take tsayawa ba, ni ke tashe ta."

"Ke kika haife ta?"

"Ɗiyar ƙanena ce."

"To ƙanen naki ya saya mata mota. Tashi, kina tare min hanya."

A daidai lokacin wani yaro ya iso a kan babur, Almu ya matsa gefe ya buɗe masa. Ni ina tsaye a taga da alli a hannu. Na ga duk abin da ya faru, na juya na ci gaba da rubutu a allo. Ba zan ɓoye wannan ba, tunda na ɗauki alƙalami ina tonon wani.

Hamdiya ta yi mako biyar a gida tana taya goggonta ɓarar gyaɗa. Sallau ya aiko cewa a maido ta ƙauye, tunda abin bai yiwu ba. Dela ta ce a dakata. Wata mai sayen mai a wurinta ta gaya mata akwai wata ƙungiyar masana doka da ke turo mutum daga Maradi kwana biyu a kowane wata, yana zama a wani ɗaki kusa da meri, ofishin magajin gari, yana sauraren ƙarar talakawa. Matar ta ce an taimaka mata a kan gonar marigayi mijinta. Ko suna taɓa maganar lekol, wannan ba ta sani ba.

Dela ta je tana sa ran ganin wani babba mai kwat. Ta tarar da yarinya da ba ta wuce talatin ba, cikin hijabi ruwan toka, gabanta tebur mai rangaji da tulin takardu. Sunanta Mas'uda. Daga baya Dela ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Inna, da aka kore ta, wace takarda aka ba ku?"

"Takarda? Da baki ya hwaɗi."

"An kira ubanta ko ke, aka zauna da malamai, aka ji ta bakinta?"

"Wa zai kira mu, ɗiyata?"

"To ba a kore ta ba, Inna. An dai hana ta shiga. Korar ɗalibi ba aikin mutum ɗaya ba ne a bakin ƙofa. Sai an zauna, an kira uwaye, an rubuta dalili, an sa hannu. Kuma ƙafa ba laifi ba ce."

Dela ta ce sai ta kwance bakin zane ta tambayi abin da za ta biya. Mas'uda ta ce ba a biya, ta ɗaure zanenta.

Da safe Mas'uda ta zo kolej a ƙafa, ita da Dela da Hamdiya. Ta bari sai da usur ya tashi sannan ta ƙwanƙwasa. Almu ya leƙo, ya ga Dela, ya ga sanda, ya ga wata mai hijabi da takalmin da ya sha yashi. Ya yanke hukunci nan take.

"Kun ƙaro 'yar roƙo ke nan? Dirakta ba shi da lokaci. Ku jira nan."

Ta ce to. Ta tsaya a rana kusan awa guda, ta fito da ɗan littafi. Duk wanda Almu ya buɗe wa ƙofa bayan takwas, sai ta dubi agogon wayarta ta rubuta. Yara bakwai suka shiga a gabanta, ba wanda aka ce wa uffan. Sannan ta sake ƙwanƙwasawa ta miƙa masa ambulan. Da ya ga hatimin ƙungiyar da kalmar doka a kai, ya ga an rubuta cewa kwafi zai tafi wurin ansipekta mai duba makarantu, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: tiyon ya koma bayansa, ya ɓuya.

"Madam! Ai da kin faɗa! Bismillah, bismillah. Kai, kawo kujera! Rana ta yi zafi, Madam, a kawo ruwa?"

"A ba yarinyar kujera," in ji ta. "Ita ce ta daɗe a tsaye."

Aka taru a ofishin dirakta. An kira ni don ni ne malamin da ke riƙe da ajin. Mushe Abdurrazak ya karanta wasiƙar sau biyu, yana share wuya da hankici ko da yake fanka na kansa. Mas'uda ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a nuna mata takardar kora. Babu. Ta ce a gaya mata ranar da malamai suka zauna a kan maganar. Babu. Ta ce to a kawo rajistar ɗalibai.

Almu ya kawo, yana tafiya kamar mai ɗauke da garwashi. Ta buɗe ajinmu. A gaban sunan Hamdiya an rubuta da jan bik, "abando", wato yarinya ta bar karatu don kanta. Mas'uda ta fassara wa Dela.

Dela ta miƙe tsaye. "Don kanta? Kai, dube ni nan. Ba ni na durƙusa maka a yashi ba? Ba kai ka ce a saya mata mota ba?"

Almu ya dubi dirakta. Dirakta ya dubi fanka.

Mas'uda ta ci gaba da buɗa shafi, aji bayan aji. Jan bik iri ɗaya, kalma iri ɗaya, har sau goma sha bakwai a wannan shekara kaɗai. Ta bi garuruwan yaran da yatsa tana karantawa a bayyane: Mai Yara, Adjekoria, Bader Goula, Bader Goula kuma. Babu ɗan cikin gari ko ɗaya wanda ubansa ke da shago.

"Mushe Nu'man," ta ce, "wannan sa hannunka ne a ƙasan shafin?"

Nawa ne. Kowane ƙarshen wata Almu ke kawo mana mu sa hannu, ni kuma ban taɓa karantawa ba. Ta tambaye ni ko Hamdiya ta gudu ne. Na ce a'a, na ga lokacin da aka kore ta, na kuma faɗi kalmomin da aka gaya mata. Kada wani ya ɗauka jarumta ce. An kira sunana ne, ba ni da wurin ɓuya.

Dirakta ya farfaɗo nan take. Ya buga tebur, ya ce shi bai san da wannan ba, an ci amanarsa, shekara nawa yana gargaɗi. Ban taɓa jin gargaɗin ba. Almu ya buɗe baki ya ce shi don mutuncin lekol ya yi, in baƙi suka zo suka ga yara cikin tsumma me za su ce, kuma sandar yarinyar tana ƙara a kan siminti tana hana sauran yara sauraro. Ya faɗi wannan a gaban Hamdiya. Har ya fara wata jimla da Faransanci, ta kakare masa a tsakiya, ya haɗiye ta.

Mas'uda ta ce abu uku take so a rubuce kafin ta koma Maradi: a maido da yarinyar ajinta, a ba ta izinin shiga ko ta makara saboda ƙafarta, a kuma aika wa uwayen sauran goma sha shidan cewa gurbin 'ya'yansu na nan. In ba haka ba, ta ce, akwai ansipekta, bayansa kuma akwai juji, wato alƙali, kuma ƙungiyarsu ba ta gajiya da zirga-zirga. Dirakta ya sa hannu kafin azahar.

Da la'asar ɗin ranar Almu ya tafi gidan Dela, karo na farko da ƙafarsa ta taka wannan unguwa. Ya riƙo ƙullin sukari da ganyen shayi. Ya same ta a bakin kasko. Ba haƙuri ya je bayarwa ba.

"Hajiya, ai mu duka ɗaya ne. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san wahala. Ki yi wa Madam magana, in za ta rubuta wa ansipekta, kada ta sa sunana. Ina da iyali."

Dela ba ta ɗago daga kasko ba. "Ban je Makka ba, kar ka ce min Hajiya. Jiya wa nike a wurinka? Ɗauki sukarinka, mu koko muke sha."

Ya tsaya yana murmushin da ba mai karɓa, sannan ya ɗauki ƙullinsa ya tafi da shi. Ko ƙwayar sukari bai bar wa yaran gidan ba.

Neman sauran yaran ya fi zaman ofis wuya. Mas'uda ta sa an yi sanarwa a rediyon gari. Dela, wadda ba wanda ya sa ta, ta riƙa bin masu amalanke ranar kasuwa tana tambaya gidan wane da gidan wane. Tara suka dawo. Biyu sun riga sun tafi arewa wurin haƙar zinariya, ɗaya ya tsallaka Najeriya, sauran iyayensu suka ce sun gode, an wulaƙanta su sau ɗaya ya isa. Na shekarun baya kuwa ba wanda ya iya lissafa su, kuma ba takardar da za ta maido musu da shekarun. Wani cikinsu yana gyaran taya a tasha, na koyar da shi wata huɗu, har yau in na wuce yakan miƙe ya ce min Mushe.

Hamdiya ta koma kujerarta, ta cike abin da ya wuce ta cikin 'yan makonni. Bara ta ci burbe a karo ɗaya, yanzu tana lise, babbar sakandare. Mas'uda har yanzu tana zuwa kwana biyu a wata, kuma ta ce ƙarar lekol ta kusa kamo ta gona yawa, don iyaye sun koyi tambaya ɗaya: ina takarda?

Ba a kori Almu ba. Ansipekta ya rubuto, aka ɗauke shi daga ƙofa aka ba shi ɗakin ajiyar littattafai, inda ya yi shekara biyu yana kaɗe ƙura yana hana yara aro. Aka ba wata mai suna Madam Rahinatu ƙofar. A shekarun nan bai yi min magana ba, yana gaya wa mutane ni na sayar da shi. Sannan ya yi ritaya.

Yanzu yana wuni a teburin wani mai shayi da ke kallon ɗakin da Mas'uda ke zama. In ya hango baƙauye riƙe da hannun yaro yana waige-waige, sai ya tashi ya tare shi, ya tambayi matsalarsa, ya girgiza kai cikin tausayi, ya shige gaba ya kai shi ƙofar ɗakin kamar shi ya gina wurin. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani makiyayi cewa shi ne ya fara kawo waɗannan mutane Dakoro, don ya gaji da ganin ana zaluntar 'ya'yan talakawa. Makiyayin ya sa masa albarka.

Makon jiya ya tare ni a hanyar masallaci, fuska a sake, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ya ji za a yi bikin raba kyaututtuka a kolej, kuma ni ke shirya wurin zama. Yana so a sa shi a layin gaba, cikin kujeru masu hannu, kusa da manyan baƙi, a kuma ba shi minti biyar ya yi wa yara nasiha a kan muhimmancin ilimi. Na ce masa kujerun gaba na iyayen yaran da suka ci kyauta ne, in yana so ya zo ya zauna inda ya samu. Ya ce to ko minti biyu ne. Na ce liman ya kusa tayar da salla, na wuce.